Na Ce Ni Matarsa Ce Don A Ba Mu Ɗaki

Yau ba doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri, raina a ɓace yake. Waɗanda suka cika mini waya da “Ilham, an sa rana?”, “Ilham, wane kalar anko za mu yi?”, ku matso kusa ku ji irin ankon da na ɗinko wa kaina.

Wanda kuma yau ya fara karanta ni, ga ni a taƙaice. Sunana Ilham, 'yar unguwar Amrigebe ce ni a nan N'Djamena. Kakan babanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya yada zango a garin nan, har yau ba mu naɗe tabarmar ba. Ina aiki a wani shagon buga takardu da kwafi kusa da kasuwar Dembe. Wanda nake so sunansa Salmanu, mutumin Haɗeja, shekararsa huɗu a nan yana sayar da takalman gwanjo. Wata tara ke nan da manyansa suka kawo kuɗin gaisuwa, Baba ya karɓa ya sa albarka. Abu ɗaya tak ya hana a sa rana, shi ne ɗaki.

Babanmu, wanda duk unguwa ke kira Maiturare saboda sana'arsa, ba mutum ne mai faɗa ba. Da ma yana faɗa da ya fi mini sauƙi. Shi magana ɗaya yake yi, a hankali, yana gyara hularsa, shi ke nan ta zauna. Ya ce wa Salmanu, “Ba zan ɗaura aure in rasa inda zan ce a kai 'yata ba. Ka nemo ɗaki, in je in gani da idona, sannan mu yi maganar rana.” Kuma ban ga laifinsa ba, domin Salmanu a shago yake kwana, shi da mutum uku, a kan dilolin takalma.

To ana cikin haka sai ga ƙanwata Mariya ta samu nata. Nata kuwa ɗan gata ne, ubansa ya yanka masa ɓangare a cikin gida, an yi fenti, har labule an rataya. Danginsa suka fara sintiri, yau a aiko, gobe a aiko. Baba ba ya son ya aurar da ƙanwa ya bar ya, su kuma ba sa son jira. Ranar ɗaya ga wata, muna shan shayin safe, ya ajiye kofinsa ya ce, “Ilham, ki gaya wa yaron nan ƙarshen watan nan ne. In ya samu, in haɗa ku rana ɗaya da ƙanwarki. In bai samu ba, zan mayar masa da kayansa. Ba don na ƙi shi ba, sai don ba a rataye mutum biyu saboda mutum ɗaya.”

Inna ta ce, “Malam, wata ɗaya a garin nan?”

Ya ce, “Wata tara na ba shi kafin wannan.” Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Jama'a, wanda bai taɓa neman haya a N'Djamena ba, don Allah kada ya ba ni shawara a ƙarƙashin wannan rubutun. Na gaji da “ku yi addu'a” daga mutanen da ke zaune a gidan gado.

Da farko sai ka nemi dillali, wanda a nan ake ce wa demarshe. Namu sunansa Ghali, siriri mai baƙin tabarau da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Kafin ya tayar da babur sai ka ba shi kuɗin ƙafa, kuma kowane gida da nasa kuɗin ƙafar, ko ka so gidan ko ka ƙi. Duk ƙofar da ya tsaya a gabanta sai ya buga ƙirji ya ce, “Wannan kam naku ne, wallahi minista na hana shi jiya.” Ban san yawan ministocin da ke neman ɗaki ɗaya da banɗakin haɗaka a garin nan ba, amma a bakin Ghali sun fi ɗari.

Gidan farko da Salmanu ya yaba, ni da Mariya muka je gani. Ya tare mu da fara'a har kunne. Ɗaki da falo ne, abin da ake kira shambar-salo, an shafe bangon da shuɗin fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma fari.

Salmanu ya ce, “Kin ga ado? Mai gidan ɗan gayu ne.”

Na durƙusa na sa farce na kankare shuɗin kaɗan. Ga layin nan baƙi a miƙe, kamar an ja shi da rula.

Na ce, “Malam, wannan ba ado ba ne. Nan ruwa yake tsayawa da damina.”

Ya ce, “Wane ruwa?”

Mariya ta tuntsure da dariya har tana riƙe ƙofa. Ban ga laifinsa ba sosai, shi damina a kan diloli take samunsa. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san in ka ga an yi wa gindin bango fenti daban, to ka tambayi maƙwabta ko da kwalekwale suke fita a watan takwas. Ghali ya cire tabarau ya duba layin kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, “Ai bara ne kawai.” Kuɗin ƙafa dai ya riga ya shiga aljihu.

Na biyu ƙofa goma sha ɗaya ne a tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, sauran kwanakin sai a tare masu tura jarkoki. Na uku kwano ne tsirara ba rufi, a wannan zafin na watan huɗu. Minti biyar muka yi a ciki hijabina ya manne a bayana. Wani abokin Salmanu ya ce mu haye Kusiri ta ƙasar Kamaru mana, can haya da sauƙi, mutum ya riƙa tsallako gada kullum da safe. Da maganar ta je kunnen Baba, cewa ya yi, “'Yata ba za ta nuna kati a kan gada kafin ta zo ta gaishe ni ba.” Aka rufe wannan babin.

Amma duk wannan ba shi ne abin haushin ba. Abin haushin shi ne gidaje masu kyau suna nan, kuma Salmanu ya tara abin da zai biya, wata uku gaba da kuɗin ajiya. Sai an gama komai, sai mai gida ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Ina iyali?” Da ya ce saura kaɗan, sai a ce, “Ba ma ba gwauro. Ka yi auren ka dawo.” Sau huɗu ana yi masa haka. Ku duba mini wannan lamari don Allah. Mai gida ya ce ba ɗaki sai da aure, Baba ya ce ba aure sai da ɗaki, ni kuma ina tsakiya shekaruna na tafiya, Mariya na hararata ta gefen ido.

Ranar Litinin, saura kwana tara, ina tsaye a kan injin kwafi wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, sai saƙon murya ya shigo daga Salmanu. Minti biyu da rabi. Na sa a kunne.

“Ilham, ki saurare ni har ƙarshe kafin ki yi fushi. An samu a unguwar Guji. Shambar-salo ne, banɗaki a ciki, kan tudu yake, na kankare bangon da kaina ba layi. Mai gidan dattijo ne, a ciki yake zaune da iyalinsa, shi ma ba ya ba gwauro. Ghali ya riga ya ce masa ina da mata, ya ce sai ya gan ta. Don girman Allah ki zo gobe ki tsaya a gefena. In ya tambaya ki ce e, shi ke nan. Kalma ɗaya ce. Nan da sati biyu ai ta zama gaskiya. Ni na ce ki yi, in akwai zunubi a wuyana yake. Ki taimake ni, Ilham, na gaji.”

Na rubuta masa, “Ka haukace?”

Ya rubuto, “Saura kwana tara.”

Na rubuta, “Baba zai yanka ni.”

Ya rubuto, “Wa zai gaya masa?”

Na kife wayar a kan tebur. Wallahi da niyyar ƙi na koma gida.

Na tarar da tsakar gidanmu a cike da kwanuka da kuloli, Inna ta baje kayan ɗakin Mariya tana dubawa, nawa kuma suna can ƙarƙashin gado a cikin kwalaye tun bara, har kwalayen sun fara laushi. Mariya na zaune tana tsefe kai. Ban ko cire takalmi ba ta ce, “Yaya, ni fa ban ce komai ba.”

Na ce, “To wa ya ce kin ce?”

Ta ce, “Kawai dai uwarsa ta sake bugo waya. Ta ce in gidanmu ba a shirya ba a faɗa musu.” Sai hawaye. Mariya ba muguwa ba ce, tsoro take ji, kuma ni ce sanadi. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da goge murfin tukunyar da ba ta da datti. Wannan shirun nata ne ya karya ni. Kafin a kira magariba na rubuta wa Salmanu, “Ƙarfe nawa?”

Yanzu ku ji inda na nuna ni 'yar gari ce, kuma inda na fi jin kunya. Na san dattijon garin nan ba zai yarda da baki kawai ba. Budurwa daban take, matar aure daban, ko makaho ya san bambancin da hanci. Da safe, Inna na banɗaki, na buɗe akwatinta na tsiyayi humrarta a 'yar kwalba, humrar da Baba ya haɗa mata da hannunsa, wadda ba a yarda budurwa ta shafa ba. A wurin aiki na ari lafaya ruwan ƙasa mai zanen zinariya a wurin matar mai shagonmu, na ce biki za ni. Na naɗa ta a bayan injin kwafi, na shafa humrar a wuya da hannu, na sa zoben azurfa. Da na kalli kaina a gilashin ƙofa sai na ga na yi kama da abin da nake so in zama.

Salmanu ya zo da shadda ruwan toka, ya sha guga. Da ya gan ni ya buɗe baki zai yi magana, na ce, “Kada ka ce komai. Mu je.” Kowa ya hau kilandonsa, wato babur ɗin haya, Ghali na gaba yana waya.

Kai, gidan nan! Da ma ban gan shi ba. Tsakar gida a share tas, bishiyar darbejiya a tsakiya, inuwa har bakin ƙofar da za a ba mu. Ɗakin da rufi, da taga biyu masu kallon juna, iska na ratsawa. Na murɗa famfon banɗaki, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fantsamar mini a ƙafa. Na tsaya a falon ina cewa a raina, nan kujeru, nan kabad, can in sa kaskon turare. Cikin minti uku na gama jere a kaina.

Mai gidan, Alhaji Abdussamad, yana zaune a kan darduma a gindin bishiyar, farin rawani, farin gemu, carbi a hannu. Ba ya jin Hausa, Larabcin gari kawai. Ya sa muka zauna, ya zuba mana shayi da kansa. Ya ce masu hayar da suka tashi samari ne, sun mayar masa da gida tasha, shi kuwa yana da 'ya'ya mata, shi ya sa ya yi rantsuwa ba zai sake ba gwauro ba. Ghali na fassara wa Salmanu, Salmanu na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai dattijon ya juyo gare ni. Bai tambayi Ghali ba, bai tambayi Salmanu ba. Ya dube ni da idon nan na kakanni ya ce, “Binti, inti martah?” Wato, 'yata, ke matarsa ce?

Salmanu ya sunkuyar da kai yana juya kofin shayi. Na ce, “Aywa.” Wato e.

Aka ce kalma ɗaya ce ko? Ƙarya ce. Ya tambaya tun yaushe, na ce wata biyu. Ya tambaya ina muke zaune yanzu, na ce ina gidanmu kafin a samu wuri. Ya ce Allah sarki, amarya da rabuwa da ango, wannan garin ba ya tausayin yara. Ya ɗaga hannu ya yi mana addu'ar zuri'a ta gari, ni kuma ina cewa amin, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Salmanu ya biya, aka rubuta takarda, aka miƙo makulli biyu a zare ɗaya.

A bakin titi ya ɗaga makullan yana dariya kamar yaro. Ya ce, “Kin gani? Shi ke nan fa!”

Na ce, “Saura Baba. Ka manta sai ya gani da idonsa?”

Ghali ya sa baki, “Wannan ai mai sauƙi ne. Alhaji kullum ƙarfe takwas yake fita kasuwa, ba ya dawowa sai bayan azahar. Ku kawo tsohon da hantsi, ya duba, ya tafi. In an ɗaura aure wa zai tsaya lissafin kwanaki?”

Ni da na shekara ashirin da huɗu a gidan Maiturare, ni ya kamata in ce wannan ba zai yiwu ba. Amma daɗin famfon nan bai sake ni ba.

Da Salmanu ya zo ya shaida wa Baba an samu, har murmushi Baba ya yi. Inna ta jawo kwalayena daga ƙarƙashin gado tana kakkaɓe su tana waƙa ƙasa-ƙasa. Mariya ta rungume ni. Aka tsayar da ranar Alhamis da hantsi Baba zai je gani.

Ranar Alhamis ina wurin aiki, ido ɗaya a kan takardun wani ɗalibi, ɗaya a kan waya. Ga saƙonnin Salmanu yadda suka riƙa shigowa, ban ƙara ko ɗigo ba.

“Mun iso. Alhaji ba ya nan. Alhamdulillahi.”

“Ya shiga ɗakin. Ya ƙwanƙwasa bango. Ya ce ma sha Allah.”

“Ya buɗe famfo. Ya yi dariya.”

Na rubuta, “To ku fito haka nan.”

Minti biyar suka wuce. Sannan:

“Ya ce ina mai gidan.”

“Na ce ya tafi kasuwa sai yamma.”

“Ilham, ya ce zai jira.”

Na rubuta, “Ka ce masa ka bar shago ba kowa. Ka ce komai.”

“Na faɗa. Ya ce ni in tafi, shi ba zai sa 'yarsa a gidan mutum ba tare da ya gaishe shi ya ba shi amanarta ba. Ya ce ba a yin haka.”

Ba a yin haka. Ni na fi kowa sanin wannan. Babana ko akuya zai ɗaure a ƙofar wani sai ya yi sallama da mai ƙofar, balle 'ya. Ghali bai san shi ba, Salmanu baƙo ne, amma ni fa? Wace irin mantuwa ce ta same ni?

“An miƙo masa tabarma daga cikin gida. Ya zauna a gindin bishiya. Ya ciro carbi.”

Ƙarfe goma sha ɗaya. Sha biyu. Na buga wa ɗalibin nan shafi ɗaya sau shida, ya ce madam lafiya, na ce ya ɗauka duka kyauta. Na kira Ghali, duk wayoyinsa biyu a kashe. Ƙarfe ɗaya Salmanu ya rubuto sun je masallacin unguwa sun dawo, Baba ya koma kan tabarmarsa. Mutumin da bai taɓa rufe shagonsa ranar kasuwa ba, yau ya rufe shi wuni guda don ya gaida wanda zai ba 'yarsa wurin zama.

Ƙarfe biyu da kwata: “Alhaji ya dawo.”

Daga nan ban sake samun komai ba. Na rubuta, na kira, na sake kira. Yana karantawa, ba ya amsawa.

Bayan la'asar na shiga gida. Kwalayena na nan a jere a bakin ƙofar Inna. Baba yana zaune a kan kujerarsa ta roba, bai ko cire babbar riga ba. Inna na tsaye a jikin bango, Mariya ta leƙo ta koma.

Ya ce, “Ilham, zo nan.”

Na durƙusa a gabansa, jakata a kafaɗa, waya a hannu.

Ya ce, “Na ga gida. Gida mai kyau. Na ga mai gidan kuma, mutumin kirki. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce Allah ya sanya albarka a auren 'yata na wata biyu. Ya ce in yi haƙuri da ya ga amarya kafin ya ga ubanta.”

Inna ta ce, “Innalillahi.”

“Na ce masa ni ban aurar da 'ya ba tukuna. Ya ce to wace ce ta zo masa da lafaya tana ƙamshin matan aure? Ya kwatanta mini ke, har ɗan tabon da ke haɓarki.”

Inna ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakinta, na ga ta gane inda ƙamshin ya fito. Ta sa gefen zani ta rufe bakinta.

Baba ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. “Ya shiga ciki ya ɗauko kuɗin yaron ya ajiye masa a gabansa, ya karɓi makullansa. Kin san abin da ya ce mini? Ya ce da ni na zo tun farko na ce masa nan da sati biyu zan ɗaura, da ya ba da ɗakin a kan maganata, ko takarda ba sai an rubuta ba. Amma wanda ya shigo masa gida da ƙarya, ba zai kwana da shi a bango ɗaya ba.”

Ku ji fa. Abin da muka yi wata tara muna nema, ashe yana zaune a gidanmu yana shan shayi kullum da safe. Ba wanda ya yi tunanin ya ce, Baba, zo ka raka mu. Na ji kamar in mari kaina.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri...”

Ya ɗaga hannu. “Ban gama ba. Na tambayi Salmanu a gaban mutumin. Ya ce shi Larabcinsa na ciniki ne, iyakarsa nawa ne da rage mini. Ya ce ya kai ki ne ki ga ɗaki kawai, bai san abin da kika ce wa dattijon ba sai yau. Har rantsuwa ya so ya yi, na hana shi.”

Wallahi ban ji zafin asarar gidan ba kamar yadda na ji wannan. Mutumin da ya ce in akwai zunubi a wuyansa yake. Mutumin da ya zauna yana juya kofi ina ƙarya saboda shi.

Baba ya sunkuyo kaɗan. “Ina so in ji daga bakinki. In shi ya sa ki, yau ɗin nan kayansa za su bar gidan nan, domin ba na ba da 'ya ga wanda zai yi ƙarya ya kuma ɓuya a bayan mace. In kuma ke kaɗai kika shirya abinki, to laifin gidana ne, ba nasa ba. Wanne ne?”

Wayar na cikin tafin hannuna. Minti biyu da rabi na muryarsa suna ciki. Danna wuri ɗaya kawai zan yi, in wanke kaina, in kuma rasa shi. Na tuna yadda yake tsayawa a rana a bakin shagonmu don kawai ya miƙo mini karkanji mai sanyi, wato zoɓo, ya koma. Na ce a raina tsoro ne ya kama shi, kowa yana iya tsorata a gaban Baba. Na nema masa uzuri kala-kala a cikin daƙiƙa goma, ni da ko ɗaya bai nema mini ba.

Na ce, “Ni kaɗai ce, Baba.”

Ya daɗe yana kallona. Ban san ko ya yarda ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, “To. Tunda ba shi da laifi, kwana shidansa na nan, ban rage masa ko ɗaya ba. Ke kuma, na ɗauka na san abin da na haifa.” Ya miƙe ya ce wa Inna ta ba shi buta.

Da duka ya yi mini da ya fi. Na shiga ɗakinmu na zauna a bakin katifa, ko kukan ya ƙi zuwa. Mariya ta juya fuska bango. Sai wayar ta yi ƙara. Salmanu ne, bayan awa uku da rabi na shiru. Na ce to ga ban haƙurin ya zo, bari in ji da wane baki zai fara.

Layi ɗaya ne.

“Kin goge saƙon muryar nan?”

Ba sannu, ba yaya kika yi da Baba, ba na tuba. Na karanta shi sau uku ko zan ga wata kalma ta ɓuya a ciki, babu.

Ban goge ba. Ban kuma ba shi amsa ba. Yanzu haka da nake rubuta muku wannan, Baba yana tsakar gida yana alwalar magariba, taku goma ne tsakanina da shi, kuma wayar tana hannuna.